Mika'ilu da Taga Mai Haƙarƙari

Mika'ilu ba ɗan Zariya ba ne. Daga wani ƙauye na ƙasar Katsina ya zo, a shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, da gizago rataye a kafaɗa. Masassaƙi ne ɗan masassaƙi, abin da ya iya turmi ne da akushi da ƙotar fartanya. Kakar mahaifiyata, Sakinatu, 'yarsa ce, kuma ta bakinta labarinsa ya iso gidanmu. Ta ce gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son magana cikin taro, in dariya ta kama shi sai ya sunkuyar da kai ya yi kamar yana duba kaifin gizago.

Shekara uku ya yi yana ɗaukar katako wajen masu gina gidajen ma'aikatan jirgi. A can ya fara riƙe zarto, a hannun wani kafinta mutumin Ikko wanda ba ya jin Hausa. Da nuni da harara ya koyar da shi. Cikin abubuwan da ya koya har da wani irin ƙyauren taga da ba falle ɗaya ba ne: siraran katako ake jerawa a cikin firam, da 'yar tazara tsakaninsu, kowanne ya karkata ƙasa ta wajen waje. Iska ta shiga, ruwan sama ya zurare waje.

Da aikin ya ƙare ya sami fili a Tudun Wada, inda ake sauke baƙi irinsa, ya kafa rumfa, ya auri Saratu. Ya yi irin wannan ƙyaure guda biyu ya jingine a bakin rumfa. Shekara biyu suna nan. Masu wucewa suka sa musu suna mai haƙarƙari, wani ma ya tambaya ko na shanya kifi ne. Mutanen lokacin ba su huda bango; in an yi taga, 'yar kafa ce can kusa da rufi wadda kyanwa ma sai ta matse. Mika'ilu ya ci gaba da yin allo da akwati da kujerar zaman mata.

Tudun Wada ba kamar birni take ba. Da igiya aka auna filayen, aka jera su layi-layi, ba su kuma da girma, don haka yawancin mutane suka bar bangon ɗakunan cikin gida ya zama shi ne katanga. Bayan ɗakin matar gida yana kan hanya ke nan. Wani rani ciwo ya kashe mutane da yawa, sai likitan Turawa ya ce rashin iska ne, ya ba da umarni kowane ɗakin kwana a huda masa taga ta waje, kamu ɗaya tsawo, kamu ɗaya faɗi. Aka sa wani duba-gari mai suna Salmanu yana zagayawa da sandar awo.

Babu magidancin da zai buɗe rami a ɗakin iyalinsa kowa ya leƙa. Ranar da aka ji Salmanu zai zo, kowa ya huda da sassafe; yana juya baya a kwaɓa ƙasa a liƙe. Salmanu ya gane, ya daina sanarwa, ya koma bin bango yana danna yatsa. In yatsa ya nutse, sai sammaci gaban alƙali. Wasu suka toshe da tsohuwar tukunya. Wani ya cusa akumarin jakinsa, ya ce wurin ajiya ne.

Mika'ilu ya ɗauko ɗaya daga ƙyauren nan da suka sha ƙura ya kafa a ɗakin Saratu. Salmanu ya zo, ya kara tafin hannu, ya ji iska na wucewa, ya tsaya yana neman laifi bai samu ba, ya wuce. Kafin la'asar mutum takwas sun tsaya a bakin rumfa.

Amma ba wanda zai saya bai gwada ba. Mika'ilu ya kafa na biyun a ɗan ɗakin da yake ajiye kayan aiki. Sai ya shiga ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga wani abu, ya ce wa mai saye da ke waje, "Me ke hannuna?" Ba wanda ya taɓa faɗa daidai.

Wanda ya fi kowa wahalar da shi Ɗantsoho ne, dillalin fata, dogo, mai yawan zato. Ya leƙa a tsaye, ya leƙa a tsugune, ya manna ido a katako. Ya tafi ya aro doki ya dawo ya leƙa daga kan sirdi.

"Me ke hannuna, Malam Ɗantsoho?"

"Guduma."

"Ludayi ne."

"In na tsuguna ina ganin azarar rufi."

"Azara ba ta kulle, Malam."

Ɗantsoho ya sa aka yi masa guda, aka kafa a ɗakin matarsa Hajo.

Duk wannan gwaji daga waje ake yinsa. Ba wanda ya taɓa cewa a yi musanya, shi ya shiga ciki ya duba. Abin da ke ransu kada a gan musu iyali, kuma a wancan zamani abin kunya ne a tarar da namiji da rana tsaka zaune a ɗakin matarsa. Shi kansa Mika'ilu ya san ana ganin ƙasa ta tsakanin katakon, amma bai ɗauki wannan a bakin komai ba, sai ranar da ya shigo gida Saratu ta miƙa masa ruwa ta ce:

"Malam, jakin nan ya same ka ko ya kuskure?"

"Wane jaki?"

"Na mai itace. Ya kai maka harbi ka faɗi zaune, ka waiga hagu ka waiga dama, ka kakkaɓe riga ka ci gaba da tafiya kamar alƙali."

"Wa ya gaya miki?"

Ta ja shi ɗaki, ta tura 'yar kujerarta gindin taga. Ya hau. Ga layi nan shimfiɗe tun daga bakin rijiya har gindin ɗorawa, ga mai itace yana zagin jakinsa. Ɗakin da duhu, wajen da haske, don haka na waje ba ya ganin ko ƙyallin idon mai kallo.

Ya sauko a hankali. "Saratu, wannan magana kada ta fita."

"Ina za ta?" in ji ta. "Sai dai kujerar ta yi gajarta, wuyana ciwo yake. Ka sassaƙa min wata, ka ƙara mata taƙi ɗaya."

Sati biyu bayan haka aka yi suna a maƙwabta, Saratu ta je. Abin da aka tattauna a can ba namijin da ya ji. Amma daga ranar matan Tudun Wada suka zama masu tsananin tsoron duba-gari. Kowacce ta sa mijinta gaba, ta ce ba za ta iya jure a kai shi gaban alƙali a kan ramin bango ba, mutum mai mutunci kamarsa. Mazan suka ji daɗin wannan kulawa, suka yi ta zuwa rumfa. Kowane ƙyaure Mika'ilu yakan haɗa da kujera ɗaya a matsayin gyara. Shawarar Saratu ce. Ba wanda ya lura ƙafafunta sun fi na sauran kujeru tsawo.

Aiki ya yi yawa. Da farko akwatunan katako da ake kawo kananzir a ciki yake karɓowa daga kanti yana tsagawa, firam kuwa na maɗaci yake yi saboda gara. Da akwatunan suka kasa, ya fara sayen katako a tashar jirgi. Ya ɗauki wani magidanci, Lawal, yana ja masa zarto, sannan ya ƙara mutum biyu masu goge katako. Ya rushe rumfa ya gina shago na ƙasa. Mutanen unguwar Tudun Jukun suka fara aiko jakuna su ɗauki ƙyaure. Yana auna tazarar katako da kaurin ɗan yatsansa, ba ya yarda wani ya auna, domin na Lawal ya yi kauri.

Shekara ba ta cika ba maza suka fara jin wani abu ya canza a gidajensu. Dā bayan ɗaki shi ne wurin da ya fi ko'ina sirri a unguwar. Nan ake tsayawa a yi gulma, nan mai gudun baƙo yake laɓewa, nan wanda ya ce ya tafi ɗaukar karatu yake zama ya buga dara. Ɗantsoho kuwa nan yake cin tsire. Kullum da yamma yakan saya a ƙunshe, ya jingina da bangon ɗakin Hajo ya cinye, ya goge baki da gefen rawani, sannan ya zaga ya yi sallama da fuskar wanda ya wuni da yunwa.

Wata rana Hajo ta ajiye masa tuwo ɗan kaɗan a akushi.

"Yau fari aka yi a gidan nan?"

"Na rage maka ne, Malam, kada ya yi maka nauyi a kan tsire."

"Wane tsire?"

"Na tsinke ukun nan. Na ƙarshen ma jijiya ce, na ga ka sha fama."

Ɗantsoho bai ci tuwon ba. Ya yanke cewa aljanu ne suka shafi Hajo, ya karɓo rubutu ya ce ta sha, ta shanye ta yi godiya. Washegari ya sauya wuri, ya matsa bayan ɗakin maƙwabci. Da ya shigo Hajo ta ce matar maƙwabcin ta aiko a gaishe shi, ta ce yaji ya zuba masa a gemu.

Asiri ya tonu ne da zazzaɓi ya kwantar da shi, Hajo ta kai shi ɗakinta tana jinya. Ya ji muryar wani abokin cinikinsa a layi, ya miƙe don ya saurara. Dogo ne, ba ya buƙatar kujera, sai ga layi gaba ɗaya a idonsa ta tagar. Sakinatu ta ce ya daɗe tsaye a wurin, zazzaɓin ma ya sake shi.

Cikin kwana uku ya tara magidanta sama da ashirin a zauren mai unguwa, Malam Kailani, dattijo mai sanyin magana. Aka kira Mika'ilu. Abin da Ɗantsoho ya nema a fili yake: a ciccire ƙyauren nan duka, a rufe shagon, a karɓe filin, kafinta ya koma inda ya fito.

"To, na ji," in ji Malam Kailani. "Wace ɓarna aka yi? Wani ya leƙa gidan wani?"

"Ba a leƙa ciki ba, ranka ya daɗe. Waje ake leƙowa."

"Me aka gani a wajen?"

Aka shiga kallon juna. Can wani ya ce shi dai ba a ga komai nasa ba, amma yana da wani maƙwabci da abin ya dama. Wani ya ce shi ma maƙwabcinsa ne. Malam Kailani ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Duk maƙwabtan juna ne ku, ai. Malam Ɗantsoho, kai me aka gani?"

"Maganar ba ta abin da aka gani ba ce, maganar tarbiyya ce."

Daga can bayan taro wani ya ce a hankali, "Da ta jijiya." Aka yi ta tari.

Mai unguwa ya juya ga Mika'ilu. "Kafinta, ka san da wannan?"

Mika'ilu yana durƙushe, idonsa a ƙasa. "Ranka ya daɗe, cewa aka yi in hana na waje ganin ciki. Ba wanda ya ce in hana na ciki ganin waje."

Wannan amsa ta ƙara fusata su. Malam Kailani ya ga ba zai iya sallamar mutum ashirin hannu wofi ba, kuma ya san in aka cire ƙyauren Salmanu zai dawo da yatsansa. Ya ce ya ba kafinta kwana bakwai ya gyara yadda na ciki ba zai ga hanya ba. In ya kasa, ya tattara kayansa.

"Ba sai an kai kwana bakwai ana tunani ba," in ji Ɗantsoho. "A juya su, sama ta koma ƙasa. Mai son kallo ta kalli sararin Allah ta yi tasbihi."

Zaure ya ɗauka da na'am. Mika'ilu ya ɗaga kai.

"Ruwa fa?"

Ana tsakiyar bazara, gumi na ɗiga daga kowane rawani, wata shida ba a ga hadari ba.

"Wane ruwa?" in ji Ɗantsoho. "Ku ji shi, dabara yake nema."

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a shaida na ce ruwa."

"An shaida," in ji Malam Kailani. "Ka fara da gidana, kada a ce na ware kaina."

Shi da Lawal suka bi gida-gida da tsani suna ɓamɓarewa suna juyawa. A kwana na shida suka gama. Saratu kuwa ta sa ya bar nata yadda yake, ta rataya tabarma a kai ta waje.

Abu na farko da ya biyo baya rana ce. Da yamma takan sauko ta tsakanin katakon ta kwanta a tsakar ɗaki, ta haskaka komai. Abu na biyu wani Buzu ne da ya shigo da raƙuma ɗauke da kanwa. Yana bisa raƙumi ya bi ta layin su Ɗantsoho, ya dubi ƙasa, kuma da yake mutum ne mai ladabi ya ce, "Sannu da tankaɗe, uwar gida." Ɗantsoho na zaune a dakali ya ji. Ya bi raƙumin da gudu har bakin kasuwa, Buzun bai san laifinsa ba.

Duk da haka ba wanda ya je shago. Zuwa shago yana nufin an yarda kafinta ya fi su gaskiya.

Ruwan farko ya zo ranar wata Laraba bayan azahar, da iska mai ƙarfi daga gabas. Katakon da dā ke zubar da ruwa waje yanzu tara shi suke suna kwararawa ciki, kowanne kamar ɗan indararo. Gadaje suka jiƙe, garin dawa ya zama kunu, daɓen ɗaki ya koma taɓo. Mata suka fito tsakar gida da tasoshi a ka, ba wadda ta yi ƙoƙarin toshe tagar. A gidan Malam Kailani akwai buhun gishiri da uwargidansa ke sayarwa, a gindin taga take ajiye shi. Buhun kawai aka samu.

Washegari da hantsi mai unguwa ya aika a tara mutane. Wannan karon ba a kai goma ba. Tabarmar zauren ma ba ta bushe ba, a tsaye aka yi zaman.

"Malam Ɗantsoho, kana da magana?"

"Ranka ya daɗe, ai aikinsa ne ya jawo. Kafintan kirki zai yi wadda ba ta ganin ƙasa kuma ba ta shan ruwa."

"Kafinta?"

"Akwai ta, ranka ya daɗe. Bango ne."

Malam Kailani ya shafa gemu ya daɗe yana shafawa, kafaɗunsa na ɗan motsi.

"Na shaida ya ce ruwa," in ji shi. "Ku ma kun shaida. An ba shi umarni ya bi, ya yi gargaɗi ba a ji ba. Ba a korar mutum a kan haka. Shagonsa na nan, filinsa na nan. A mayar da su yadda suke. Wanda kuma yake da abin da ba ya so iyalinsa su gani, Tudun Wada na da faɗi, ya ƙara gaba."

Ɗantsoho ya ce shi ba za a taɓa masa bango ba. Ya cire nasa ƙyauren ya liƙe ramin da ƙasa. Bayan kwana huɗu Salmanu ya zo ya danna yatsa. Bayan an dawo daga gaban alƙali, Ɗantsoho ya bi ta shago, bai shiga ba, ya tsaya daga nesa yana magana da Lawal kamar Mika'ilu ba ya wurin. Ya ce a gaya wa mai shagon akwai wani rami a gidansa.

Da aka gama mayar da na gidan mai unguwa, Malam Kailani ya kira Mika'ilu gefe, ya kai shi cikin zaure, ya nuna masa bangon da ke fuskantar dakalin da masu kawo ƙara ke zama kafin a yi musu iso.

"Nan fa, zai hudu?"

"Zai hudu, ranka ya daɗe. Amma zaure ba ɗakin kwana ba ne, duba-gari bai ce a yi ba."

"Na sani. Zafi ne ke damuna." Ya rage murya. "Ƙarama za ka yi, kada ta ja ido. Ka kuma zo ranar kasuwa, lokacin da ba kowa."

Mika'ilu ya sunkuyar da kai, ya kara hannu a bango ya auna kamu ɗaya.

Ya zauna a Tudun Wada har ƙarshen ransa. Kafin ya tsufa mutum tara ke aiki a shagonsa, ana ɗaukar ƙyaurensa a jirgi zuwa garuruwan da shi bai taɓa takawa ba. Mutanen unguwar kuwa sun daɗe suna mamakin yadda Malam Kailani, tun kafin masu ƙara su buɗe baki, yake sanin waɗanda suka haɗa kai a waje.